Minti Biyu: Littafin Shirin Fita Daga Gidanmu Idan Gobara Ta Tashi

Asabar, 7 ga Satumba

Makon jiya gidan wani abokin aikina ya kama da wuta da tsakar dare. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma yadda ya ba ni labarin ne ya hana ni barci. Ya ce wutar ba ta ma iso inda suke ba. Hayaƙi ne ya cika tsakanin ɗakuna har ya kasa ganin tafin hannunsa, ya kuma rasa inda ya ajiye makullin ƙofar da shi da kansa ya kulle kafin ya kwanta. Maƙwabta ne suka ɓalle ƙarfen taga suka zaro su ɗaya bayan ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dalilin buɗe wannan littafi ke nan, zan riƙa rubuta abin da muka yi da abin da ya gagara.

Mu shida ne a gidan: ni, da uwargida, da 'yan mata biyu, mai shekara 12 da mai shekara 8, da auta ɗan shekara 3 da yake kwana ɗakinmu, sai Inna, mahaifiyata, mai fama da ciwon gwiwa, kunnenta kuma ya fara nauyi. Gidan bene ne hawa ɗaya, ɗakunan kwana uku duk suna sama.

Abin da na sa a gaba shi ne kowa ya fita ya isa wuri guda cikin minti 2. Ƙungiyar NFPA ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, ita ce take gargaɗin cewa daga lokacin da ƙararrawar hayaƙi ta yi ƙara, mai yiwuwa abin da ya rage wa mutanen gida bai wuce haka ba. Da farko na ɗauka ƙari ne. Sai na karanta gwajin da cibiyar UL ta Amurka, mai gwada ingancin kayayyaki, ta yi, inda ta nuna a da mutum kan sami kusan minti 17 kafin fita ta gagara, yanzu kuwa minti 3 ne ko ƙasa da haka, saboda katifu da kujeru da labulen zamani soso ne da roba, suna ci da sauri, hayaƙinsu kuma baƙi ne mai guba. Na ɗaga ido na dubi falonmu, babu abin da ba irinsu ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na zana taswirar gidan a babbar takarda, sama daban, ƙasa daban, babbar 'yata tana riƙe min magwaji. Ƙa'idar ita ce kowane ɗaki ya kasance yana da mafita biyu: ƙofa, sannan wata hanyar idan ƙofar ta toshe. A takarda abin ya yi kyau, kowane ɗaki na ja masa kibiya biyu. Da muka tashi muka bi kibiyoyin da ƙafa sai labari ya sha bamban.

Tagogi 11 ne a gidan, dukkansu an manne musu ƙarafuna da walda a jikin bango. Ko ɗaya ba ta buɗuwa. Wato kibiya ta biyu da na zana a kowane ɗaki ƙarya ce. Ƙofar gaba tana da makulli da sakata biyu, makullin kuma ba shi da mazauni, yau yana aljihuna, gobe jakar uwargida. Ƙofar baya tsohon keken yara da kwalaye sun tare rabinta. Bayan duk wannan ga kwaɗo a ƙofar waje.

Na daɗe a tsaye a gaban tagar ɗakin 'yan matan. Ni na kira aka sa ƙarafunan nan saboda ɓarayi, kuma har yanzu ina ganin dalilina mai ƙarfi ne. Amma ban taɓa tambayar kaina ba ko abin da zai hana baƙo shigowa zai bar 'ya'yana su fita.

Mun kwashe kayan ƙofar baya kafin magariba.

Talata, 10 ga Satumba

Na sayo ƙararrawar hayaƙi guda 6, irin waɗanda suke haɗe da juna ba tare da waya ba, in ɗaya ta ji hayaƙi duka su ɗauka. Sun fi na gama-gari tsada, amma wuta in ta tashi a ƙasa, waɗanda ke barci a sama su ne suke bukatar ji.

Asabar, 14 ga Satumba

Yau aka kafa su. Ɗaya a kowane ɗakin kwana, ɗaya a tsakanin ɗakunan sama, ɗaya a falo, ɗaya a hanyar kicin. Duk a silin na ɗaura su, nesa da kusurwa da bakin fanka, domin hayaƙi sama yake fara taruwa, iskar fanka kuma tana iya kore shi daga bakin na'urar.

Nau'i biyu ne aka fi samu. Akwai mai aiki da ɗan haske a cikinta, hayaƙi na shiga ya watsa hasken sai ta yi ƙara. Ita ta fi saurin gane wutar da ke cin katifa ko kujera a hankali ba tare da harshe ba. Ɗayar ta fi saurin gane wuta mai bal-bal. Na ɗauki mai hasken, don abin da nake tsoro shi ne wutar dare mai cin ƙasa-ƙasa muna barci. Mutane da yawa suna zaton ƙauri zai tashe su. Hancin mai barci ba abin dogaro ba ne, kuma iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙi ba ta da wari ko launi, ƙara nutsar da mutum take yi. Yawancin waɗanda gobarar gida ke kashewa hayaƙi ne yake gamawa da su kafin wuta ta taɓa su.

A bayan kowace na rubuta ranar kafawa. Shekara 10 ce iyakarsu daga ranar da aka ƙera su, sai a sauya gaba ɗaya. Na tara yara na danna maɓallin gwaji don su san muryarta: ƙara uku, shiru, ƙara uku. Na kuma gaya musu in sun ji ɗan "cit" guda ɗaya jefi-jefi, batir ne ya yi sanyi, su gaya min. Auta ya toshe kunnuwa ya fashe da kuka.

Litinin, 16 ga Satumba

Matsala ta farko, kuma laifina ne. Na dawo daga aiki na tarar da ƙararrawar hanyar kicin a kan tebur, batirinta a gefe. Uwargida ta ce sau uku tana tashi yau tana tsakiyar girki, kuma da yake a haɗe suke, gidan duka ya ɗauka, auta yana ihu, Inna tana tambayar me ya faru. "Baban yara, wannan abin naka ba zai bar mu mu zauna lafiya ba," in ji ta.

Ban ga laifinta ba. Na auna, na ga tsakanin na'urar da murhu bai kai mita 2 ba, alhali takardarta ta ce a bar aƙalla mita 3. Ban karanta wurin ba, garaje na yi. Na mayar da ita can kusa da gindin matattakala, na kuma nuna mata maɓallin da ake dannawa ya yi shiru na 'yan mintuna ba tare da an cire batir ba. Mun yi alkawari ni da ita: duk ranar da ta dame ta, ta gaya min in canza mata wuri, amma batir ba ya fita. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ban lura da tebur ɗin ba, da na kwanta ina zaton akwai mai gadi a ƙasa.

Laraba, 18 ga Satumba

An yanko ƙarin makullai. Na kafa ƙugiya a gefen kowace ƙofa, inda mai shekara 8 za ta kai, amma hannu daga taga ba zai kai ba. Makullin kwaɗon waje yana tare da na ƙofar gaba a zobe ɗaya. Tocila ɗaya a gefen kowane gado. Girki ya wuce lafiya, ƙararrawa ba ta tashi ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Atisaye na farko, da rana tsaka, kowa ya san za a yi. Mahaɗarmu ita ce bishiyar da ke tsallaken hanya daura da ƙofar gida. Na zaɓe ta don ba ta motsi, tana nesa da ginin, kuma 'yan kwana-kwana in sun iso za su gan mu su san ko akwai wanda ya rage a ciki. Kowa ya kwanta a gadonsa, na danna maɓalli, na kunna agogon waya.

Minti 4 da daƙiƙa 10.

Zan rubuta abin da ya faru dalla-dalla don kada in manta. Auta da ya ji ƙarar sai ya sulale ya shige ƙarƙashin gado, mamansa ta ɓata kusan rabin minti tana jawo shi. Na san ana cewa ƙananan yara ɓuya suke yi in sun tsorata, amma gani ya kori ji. Da hayaƙi ne a ɗakin, ina za ta fara nema? Ta tsakiya ta iso har ƙofar gaba, sai ta juya da gudu ta koma sama ɗauko kyanwarta. Babbar ta yi daidai, sai dai a tsaye ta sauko, ta manta da rarrafe. Ni kuma na tsaya kama Inna. Matattakala 14 ce, ta ɗauke mu minti 1 da daƙiƙa 20, tana dafe da ni, tana cije leɓe. A ƙofa sakatar sama ta cije, sai da na buga ta da tafin hannu.

A gindin bishiya na zaunar da ta tsakiya. Ban yi mata faɗa ba, tausayi ne ya mayar da ita. Na ce mata in an fita an fita, babu komawa, ko don kyanwa, ko don ni. Duk abin da ya rage a ciki, 'yan kwana-kwana ake gaya wa, su ne masu kayan shaƙar iska. Ta ce, "Baba, to in ta ƙone fa?" Na ce za mu riƙa barin ta tana kwana a ƙasa kusa da ƙofar baya, in mun buɗe za ta riga mu fita. Ta yi shiru, ban tabbata ta gamsu ba.

Da yamma muka koyi rarrafe a tsakanin ɗakuna, kai tsakanin santimita 30 zuwa 60 daga ƙasa, inda iska ta fi tsabta. Muka koyi taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, da mariƙinta ma. In da zafi, ba a buɗewa. Bayan hannu, don in tafin ya ƙone ba rarrafe, ba riƙe tsani.

Lahadi, 22 ga Satumba

Maganar da nake ta gudu tun jiya. Akwai ɗaki a ƙasa kusa da ƙofar baya da muka mayar ma'ajiyar kaya. Na sami Inna na ce ina so ta koma can. Ta ce a'a, ta saba da ɗakinta, tana jin motsin jikokinta da dare, kuma abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Na ce haka ne. Sai ta ƙara da cewa, "In abin ya zo, kada ka tsaya jirana, ka kwashe yaran."

Na ce, "Inna, kin san ba zan iya ba. Muddin kina sama, wurinki zan nufa, in bar mamansu da yara uku ita kaɗai." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce a share ɗakin, amma gadonta za a saukar, ba ta son sabo.

Alhamis, 26 ga Satumba

Inna ta kwana biyu a ƙasa. Mai walda ya zo ya auna. Tagogi uku za a gyara: ta ɗakinmu, ta ɗakin 'yan mata, da ta sabon ɗakin Inna. Za a yanke ƙarafunan a mayar da su kamar ƙofa mai hinji. Sauran takwas sai aljihu ya huta.

Asabar, 28 ga Satumba

Aikin ya ɓaci. Ba na gida lokacin da ya ƙarasa, na dawo na tarar ya yi wa kowace taga kunne biyu na saka kwaɗo, ya ma kawo kwaɗunan a matsayin kyauta. A ganinsa ya kyautata min. Na ce masa ai abin da nake gudu ke nan, makulli a cikin duhu da hayaƙi. Abin da nake so shi ne mariƙi da yarinya za ta ja da hannu ɗaya daga ciki ya buɗe, ba makulli, ba dabara, sannan a rufe shi da faifan ƙarfe ta yadda mai zuro hannu daga waje ba zai kai gare shi ba. Ya ce bai taɓa yin irinsa ba. Muka zauna na zana masa a bayan kwali.

Akwai matsala ta biyu: tagar ɗakin 'yan mata ciki take buɗewa, tana cin karo da gadon ta tsakiya, ba ta wuce rabi. Dole a juya hinjin ta buɗe waje. Na yarda zan biya kuɗin ƙarin aikin, domin ni ne ban yi bayani filla-filla ba tun farko, na ce masa "a sa su riƙa buɗuwa" kawai na tafi. Ya ce sai mako na sama.

Talata, 1 ga Oktoba

Gwajin wata-wata, duka shida sun amsa. Na rubuta lambar 'yan kwana-kwana da cikakken kwatancen gida na manna a bayan ƙofa. 'Yan matan sun haddace. Kira daga waje ake yi, ba daga ciki ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Wannan ita ce rana mafi nauyi tun da na fara. Tun farkon mako na gaya wa yara za a gwada ƙararrawa da dare, ban faɗi wane dare ba, na ce ba sai sun fita ba, so nake in ga wa zai tashi. Maƙwabta ma na sanar da su. Ƙarfe 1:30 na danna, uwargida tana tsaye a ƙofar ɗakin 'yan mata da agogo.

Babbar ta farka bayan kusan daƙiƙa 40, ta zauna a gado tana dube-dube, ba ta san abin da ake ciki ba. Ta tsakiya ko motsi ba ta yi ba. Minti 2 cur na'urar tana tsala ihu a saman kanta, ƙarar da ni a tsaye nake jin ta har cikin haƙora, yarinya tana barcinta. Na sauka ɗakin Inna, inda na mayar da ƙararrawar tsohon ɗakinta. Ita ma ba ta ji komai ba.

Na koma na kwanta, idona biyu har gari ya waye. Duk taswirar da na zana a kan zato ɗaya na gina ta, cewa ƙara za ta tashi kowa. Da safe na bincika, ashe sanannen abu ne. A 2018 masu bincike a wani asibitin yara da ke jihar Ohayo ta Amurka sun gwada yara 'yan shekara 5 zuwa 12: ƙarar da aka saba da ita kusan rabinsu kawai ta tasa, amma da aka sa muryar uwa, kusan 9 cikin 10 suka farka. Tsofaffi kuma siririyar ƙara ce kunnensu ke fara rasawa, ita ce kuwa irin wadda waɗannan na'urori suke yi. Akwai masu kauri a murya da aka yi saboda haka, akwai kuma ɗan faifai da ake sawa ƙarƙashin matashin kai, yana girgiza gado in ƙararrawa ta tashi. Shi na nema wa Inna, an ce sai an kawo.

Tsari ya canza daga tushe. Yanzu ba hanya kawai kowa ya sani ba, kowane babba yana da mutanensa. Uwargida ta ɗauki auta, ta shiga ɗakin 'yan mata, ta kira su da suna, ta girgiza ta tsakiya har sai ta ga ƙafarta a ƙasa. Ni in sauka in buɗe ƙofa in fito da Inna. Babu wanda za a ce ai ya ji.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Sabuwar doka: kowane ɗaki a rufe ƙofarsa kafin barci, da ta kicin da ta falo. Ƙofa rufaffiya tana tare hayaƙi da zafi, tana kuma rage iskar da wuta ke ci da ita. Na ga hotunan gwajin UL, ɗaki biyu a gida ɗaya, mai buɗaɗɗiyar ƙofa ya zama gawayi, mai rufaffiya ko zanin gadonsa bai yi baƙi sosai ba. Ta tsakiya tana tsoron duhu, da ma saboda ita ake barin ƙofarsu a buɗe. Na sa mata ƙaramar fitilar dare, ta amince.

Auta kuma wasa muka mayar masa da abin. Mamansa tana yin ƙarar da baki, shi kuma ya ruga ya rungume ta. Sau biyar yau, bai nufi ƙarƙashin gado ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mai walda ya gama, kuma wannan karon ya yi aiki mai kyau. Ta tsakiya ta buɗe tagarsu da hannu ɗaya, idonta a rufe. Na fita waje na gwada zura hannu da sanda, ban kai ga mariƙin ba.

Tsanin gaggawa, irin mai naɗewa da ake maƙalawa a bakin taga, shi ya ba ni aiki. Wanda na fara sayowa ƙugiyoyinsa ba su kama ba, bangonmu ya fi su kauri. Da na ajiye shi a kwalinsa ba tare da na gwada ba, da sai ranar bukata zan sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. An karɓa an canza min mai faɗin baki, da ɗan ciko. Takardarsa ta ce sau ɗaya ake sauka da shi, don haka ba mu sake shi daga sama ba. Abin da muka koya shi ne ɗauko shi, maƙala shi, da yadda ake juya baya a fitar da ƙafa ɗaya, wannan kuma a tagar ƙasa muka yi shi. Ban yarda a sa yara sauka daga bene don gwaji ba, haɗarin ya fi amfanin. Mazauninsa ƙarƙashin tagar 'yan mata, ba a ɗora masa komai.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yau kicin da wayoyin wuta. Girki ne kan gaba wajen tayar da gobarar gida, saboda haka na rataye bargon kashe wuta a bakin ƙofar kicin, ba a saman murhu ba, don kada a miƙa hannu ta cikin wuta wajen ɗauko shi. Mun yi bitar mai in ya kama: a rufe da murfi, a kashe murhu, a bar shi ya huce, ba a ɗaga tukunyar, kuma ruwa ko ɗigo. In an ji warin gas, ba a taɓa makunnin fitila, a rufe tukunyar gas ɗin a buɗe ƙofofi a fita.

Na sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, allurar ma'auninta tana kan kore, alamar a shirye take. A zare fil, a saita gindin wutar, a matsa, a yi ta kai da kawo. Daƙiƙu kaɗan take yi ta ƙare, don haka na gaya wa uwargida, na kuma gaya wa kaina, ta ƙaramar wuta ce, bayan an fitar da yara, ƙofa tana bayanka. In wutar ta fi kwandon shara girma, a ja ƙofa a fita. Yara sun koyi abin yi in tufa ta kama: a tsaya, a kwanta, a rufe fuska, a yi ta birgima, ƙuna kuma ruwan famfo mai sanyi minti 20.

A bayan talabijin na tarar da wayar ƙari an jona ta a wata wayar ƙarin, bakin soket ɗaya ya yi baƙi. Na cire, mai gyaran wuta zai zo. Cajin waya a kan katifa an daina.

Lissafin kashewa zuwa yau: ƙararrawa 6, tocila 4, makullai, tsani, bargo, tukunyar kashe gobara, walda sau biyu. Waldar kaɗai ta fi duk sauran a haɗe, kusan kashi ɗaya cikin uku nata kuma kuɗin gyaran kuskure ne.

Asabar, 19 ga Oktoba

Atisayen hanya ta biyu, da dare, fitilu a kashe. Na rataya jan zani a saman matattakala, ma'ana nan wuta ce. Uwargida da auta da 'yan mata suka haɗu a ɗakin 'yan matan, suka rufe ƙofa, suka cusa tawul a ƙarƙashinta, suka buɗe taga, suka maƙala tsani. Daƙiƙa 75. A nan aka tsaya. Mun tsara ni zan fara sauka in riƙe tsanin daga ƙasa, sai ta tsakiya, sai babbar, sai mamansu da auta a goye, sannan in zaga ta waje in buɗe wa Inna. In saukar ta gagara, a zauna bakin taga, ƙofa a rufe, ana haska tocila ana kira.

Babbar ce ta gano ramin da ke cikin tsarin. Ta ce, "Baba, in ka zaga, da me za ka buɗe ƙofar baya? Makullin ai yana ciki." Gaskiyarta. Tagar Inna ma daga ciki kaɗai take buɗuwa. Yanzu akwai makullin ƙofar baya ɗaure a jikin tsanin.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Faifan girgiza ya iso. Na gwada shi Inna tana barcin rana, da izininta. Ta farka nan take.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Daren jiya ƙarfe 2:00 muka yi cikakken atisaye, kowa yana barci na gaske in ban da ni. Minti 2 da daƙiƙa 5 har gindin bishiya, mu shida, na ƙirga kawuna sau biyu. Ta tsakiya ba ta ji ƙarar ba wannan karon ma, mamanta ce ta tashe ta, ta sauko da rarrafe ido rabi a rufe, ta wuce kyanwar ba ta tsaya ba. Inna na tarar da ita zaune a bakin gado ta riga ta sa takalmi. Auta bai yi kuka ba sai da muka fita iska ta buge shi.

Daƙiƙa biyar ɗin a kwaɗon waje suka tafi, tocila a baki, makulli yana ƙin shiga. Zan sauya shi da wanda bakinsa ya fi faɗi, in sa masa mai.

Abin da ya rage: wata mai zuwa ina da tafiyar kwana huɗu, kuma duk tsarin nan da manya biyu aka gina shi. Ranar Asabar za mu gwada ba tare da ni ba, uwargida ta tashi 'yan mata ta miƙa wa babbar auta, ita ta wuce wurin Inna. Ban sani ba ko yarinya 'yar shekara 12 za ta iya sauko da shi a duhu, in bai yiwu ba sai su kwana a ƙasa duka har in dawo. Tagar falo ce ta gaba a layin walda. Cikakken atisaye na gaba na sa shi a watan Afrilu, gwajin ƙararrawa kuma ranar 1 ga Nuwamba.